Ajiyar ƙwarar kaɗanya ko sarrafa ta zuwa mai?

Wata 'yar kasuwa daga Kontagora ta rubuto cewa tana da jarin naira dubu 400, kuma tana so ta san wanda ya fi riba tsakanin sayen ƙwarar kaɗanya da damina a ajiye har ta yi tsada, da kuma sarrafa ta zuwa man kaɗanya.

Hajiya, shawarata ita ce kada ki zuba jarin gaba ɗaya a ajiya. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya zuwa ƙasashen waje na wata shida, farashi ya faɗi cikin 'yan kwanaki, waɗanda suka tara buhuna suna jiran dillalai kuwa suka tafka asara. Mai man kaɗanya tana da masu saye a gida: masu haɗa sabulu, masu man shafawa, da matan da ke girki da shi.

Sai dai ribar tana farawa ne tun daga hannun matan ƙauye da ke tsintar kaɗanya da sassafe tsakanin watan Mayu da Agusta. Idan aka bar 'ya'yan a jibge kwanaki ba a dafa ba, ko aka shanya ƙwarar a ƙasa mai danshi, sai ta yi fumfuna, man ya fito da ɗaci da wari. Idan za ki saya, ki fasa ƙwara biyar daga tsakiyar buhu, ba daga bakinsa ba. Mai kyau za ki same ta a bushe ƙarau, cikinta babu baƙi. Ki ƙulla hulɗa da mata goma ko goma sha biyar a ƙauye ɗaya, ki ba su leda ko tabarmar shanya, ki riƙa ɗora musu wani abu a kan farashin kasuwa, domin idan an matse su a ciniki, itacen ma sai ya ƙare a hannun masu gawayi, alhali kaɗanya takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya.

A lissafinki ki ɗauka cewa wajen kilo uku na ƙwara ne ke ba da kilo ɗaya na mai a aikin hannu, sannan ki haɗa da kuɗin niƙa, itace, ruwa, ladan masu kwaɓawa da na mota. Ki fara sarrafawa da rabin jarin, ki sayar da man a bokiti ga masu sabulu. Zuba shi a ƙananan robobi da sunanki yana buƙatar rajistar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, wannan kuwa ki bari sai kin sami masu saye na dindindin.