Filin Tambaya da Amsa: Yaƙe-yaƙen Ƙetare da Kuɗin Goron da Fina-finai Ke Yi wa Al'ummomi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo sun karkata ne ga fina-finan yaƙi da irin hoton da suke zana wa al'ummomin da ake yaƙin a ƙasashensu. Na zaɓi guda huɗu, na kuma taƙaita wasu daga cikinsu saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Malam, tun ina yaro nake kallon fina-finan yaƙi na Amurka, kuma na lura cewa mugun cikinsu, wanda muke kira bos, yana sauyawa daga zamani zuwa zamani. A da ɗan Rasha ne ko ɗan Biyetnam, daga baya kuma ya koma Balarabe mai gemu. Shin masu shirya fim ne ke zaɓar hakan da kansu, ko kuwa da wani hannu a bayansu? Daga wani malamin makarantar sakandare.

Amsa: Malam, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma ya girmi fina-finan da ka kalla a yarintarka. Bayan da Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, gwamnatin Amurka ta kafa ofishin yaɗa bayanan yaƙi a 1942, wanda ke da sashe na musamman mai duba rubutun labaran fina-finai kafin a ɗauke su. Masanin tarihi John Dower ya nuna a littafinsa na 1986 cewa farfagandar wancan lokaci takan bambanta 'yan Nazi da sauran Jamusawa, wato tana barin ƙofa a buɗe ga Bajamushe na kirki, amma idan ta zo kan Japanawa sai ta yi musu kuɗin goro, ta siffanta su da birai ko ƙwari, a matsayin jinsin da yaudara ke cikin jininsa. A watan Disamba na 1941 har mujallar Life ta buga hotunan da suke koya wa mai karatu yadda zai bambanta fuskar ɗan Japan da ta ɗan Sin, domin a lokacin Sin ƙawar Amurka ce. Abin takaici da ban dariya shi ne, da yawa daga cikin mugayen Japanawa na waɗannan fina-finai 'yan wasa ne 'yan asalin Sin ko Koriya, irin su Richard Loo da Philip Ahn, alhali Japanawan Amurka na ainihi suna tsare a sansanoni.

Ba a yi shekara goma ba al'amarin ya juya. 'Yan gurguzu suka karɓi mulkin Sin a 1949, yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Japan ta zama ƙawa, sai aka kwashe siffofin nan na rashin imani da makirci aka ɗora wa 'yan Sin, daga baya kuma aka miƙa su ga 'yan Biyetnam. Misalin da ya fi kowanne bayyana wannan juyi shi ne na Afganistan. A fim ɗin Rambo III na 1988, mayaƙan Afganistan masu rawani da gemu su ne jarumawa masu kishin ƙasa, domin suna yaƙar Tarayyar Sobiyet a ƙarshen yaƙin cacar baka. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, rawanin nan da gemun nan suka zama alamar da ke sanar da mai kallo cewa ga ɗan ta'adda ya shigo, tun kafin mutumin ya buɗe baki.

Game da hannun da ka tambaya, akwai shi, sai dai ba lallai ne ya zo da umarni ba. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ofishin hulɗa da masu shirya fina-finai, kuma duk wanda yake son aron jiragen yaƙi ko sansanin soja ko dakaru, sai ya miƙa labarinsa an duba, a kuma nemi ya gyara abin da bai yi wa rundunar daɗi ba. Wanda ya ƙi gyarawa yana da 'yancin yin fim ɗinsa, amma da kuɗin aljihunsa zai nemo kayan yaƙin. Hannu na biyu shi ne kasuwa, kuma a ganina ya fi na gwamnati ƙarfi a yau. An ɗauki sabon fim ɗin Red Dawn a 2009 da sojojin Sin a matsayin masu mamaye Amurka, amma kafin a sake shi a 2012 sai aka bi shi da kwamfuta aka sauya tutoci da tambura zuwa na Koriya ta Arewa, saboda kamfanin bai so ya yi asarar kasuwar Sin ba. 'Yan wasan ba su sauya ba, fuskokinsu na nan yadda suke, domin masu fim ɗin sun yi imani cewa mai kallo ba zai damu da bambancin ba.

Tambaya: Malam, na kalli Black Hawk Down, an kuma ce mini labarin gaskiya ne da ya faru a Somaliya. Idan gaskiya aka nuna, ina laifin masu fim ɗin? Ai ba su ne suka ƙirƙiro mayaƙan da suka ja gawar soja a titi ba. Daga wata ɗalibar jami'a.

Amsa: Malama, yaƙin ya faru, kuma ba na cikin masu cewa duk abin da ke cikin fim ɗin ƙarya ne. A ranakun 3 da 4 ga Oktoba, 1993, dakarun Amurka sun shiga tsakiyar Mogadishu domin kama wasu muƙarraban Janar Muhammad Farah Aidid, madugun wani ɓangare na mayaƙan Somaliya, aka harbo musu jirage biyu masu saukar ungulu, aka kashe musu soja 18 a fafatawar, kuma an ja gawa a titi kamar yadda kika ce. Kafin nan ma, a watan Yuni na shekarar, an kashe sojojin Pakistan 24 masu aikin wanzar da zaman lafiya a birnin.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Ranar 12 ga Yuli, 1993, jiragen Amurka sun yi luguden wuta a kan wani gida da dattawan ƙabilar Aidid suke taro a cikinsa, inda ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙidaya mutum 54 da suka mutu, mutanen Aidid kuwa suka ce adadin ya wuce haka. Wannan hari yana daga cikin manyan dalilan da suka sa talakawan unguwannin suka juya wa baƙin dakarun baya, kuma fim ɗin, wanda Ridley Scott ya ba da umarninsa a 2001, bai nuna shi ba. Idan aka cire dalili daga fushin mutum, abin da zai saura a idon mai kallo shi ne hauka, sai ya ga tururuwar baƙaƙen mutane suna ɓullowa daga kowane lungu suna ihu ba tare da ya san abin da ya tunzura su ba.

Ki sake kallon fim ɗin, ki lura da wanda aka ba suna. Sojan Amurka yana da suna, yana da mata ko jariri a gida, yana da wasiƙar da ya bari a kai wa iyayensa, kuma idan harsashi ya same shi kyamara takan tsaya a kan fuskarsa har numfashinsa ya ɗauke. Basomale kuwa yakan faɗi ne daga nesa, a wuce shi zuwa na gaba. A ƙarshen fim ɗin an rubuta cewa Somaliyawa fiye da 1,000 sun mutu, sannan aka jero sunayen Amurkawan da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ko sojojin Malesiya da na Pakistan da suka shiga da motoci masu sulke da tankoki domin ceto waɗanda aka yi wa ƙawanya, har Malesiya ta rasa soja ɗaya, ba a ba su wani matsayi na a zo a gani ba. A Maroko aka ɗauki fim ɗin, kuma Somaliyawa da dama sun koka cewa waɗanda aka nuna a matsayinsu ba su yi kama da su ba, a fuska ko a harshe. A nan nake ganin laifin yake, domin ana iya ɗauko gaskiya zalla a yanka ta yadda za ta ɓatar da mai kallo fiye da ƙarya.

Tambaya: Ni dai gani nake ana cika yi wa abin fassara. Fim nishaɗi ne, kowa ya san wasa ne, babu wanda zai tsani wata al'umma don ya kalli fim. Daga wani ma'aikacin lafiya.

Amsa: Ɗan'uwa, na yarda cewa fim guda ba ya mayar da mutumin kirki maƙiyin wata al'umma a dare ɗaya, kuma babu laifi a nuna mugu Balarabe ko ɗan Afirka, tunda kowace al'umma tana da ɓata-garinta. Matsalar tana cikin maimaitawa. Jack Shaheen, Ba'amurke Kirista ɗan asalin Labanan, ya bi diddigin fina-finai fiye da 900 da Larabawa suka fito a cikinsu, ya wallafa sakamakon a 2001, kuma kimanin goma sha biyu kacal ya samu da suka nuna su da kyakkyawar siffa. Mutumin da bai taɓa zama da Balarabe ba, daga ina kake tsammanin zai samo hoton Balarabe a ransa?

Masu mulki kuma ba su taɓa ɗaukar fim a matsayin wasa ba. A 1940 ma'aikatar farfaganda ta gwamnatin Nazi a Jamus, wadda Goebbels ke jagoranta, ta sa aka shirya fim ɗin Jud Süss domin shafa wa Yahudawa kashin kaji, Himmler, shugaban rundunar 'yan Nazi ta SS, ya ba da umarnin a nuna wa dakarunsa da 'yan sanda, kuma mutum kimanin miliyan 20 ne suka kalle shi. A Amurka, an tsare mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan daga 1942, kashi biyu cikin uku nasu 'yan ƙasa ne, kuma dokar 1988 da ta ba su haƙuri tare da diyyar dala 20,000 ga kowane mai rai a cikinsu ta ambaci ƙyamar jinsi da firgicin yaƙi a cikin dalilan abin da ya faru. Fina-finai ba su ne suka sa hannu a takardar tsarewar ba, amma sun taimaka wajen sa maƙwabtan waɗanda aka kwashe su yi shiru.

Tambaya: Malam, kullum Hollywood ake zargi. Shin sauran ƙasashe ba sa yin haka? Kuma akwai fim ɗin da ya taɓa gyara wani abu, ko dai duk ɓarna ce? Daga wata uwa mai 'ya'ya masu son kallo.

Amsa: Hajiya, laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hango na wani. Fim ɗin Turkiyya na 2006 mai suna Kurtlar Vadisi: Irak ya rama wa Iraƙawa ta hanyar nuna sojojin Amurka a matsayin azzalumai, amma ya saka wani likita Bayahude mai cire sassan jikin fursunoni domin sayarwa, wanda tsohon ƙazafi ne aka yi wa sabon tufafi. Fim ɗin Sin na 2017, Wolf Warrior 2, ya kai jaruminsa wata ƙasar Afirka da ba a ko ba ta suna ba, ƙasar da babu komai a cikinta sai annoba da 'yan tawaye da mutanen da ke jiran baƙo ya cece su. Hollywood ta fi shan suka ne saboda fina-finanta sun fi na kowa zagaya duniya.

Akwai kuma wani nau'in rashin adalci da bai kai na ɓata suna ƙara ba, wato a shafe mutane daga labarin baki ɗaya. Faransa ta yi Yaƙin Duniya na Biyu da dubban ɗaruruwan sojoji daga ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka a Afirka ta Arewa da ta Yamma, amma an kwashe shekaru fina-finan yaƙin suna nuna kamar Turawa zalla ne suka 'yanto ta. Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow su ne suka fito da labarin sansanin Thiaroye a fim ɗinsu na 1988, wato abin da ya faru kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba, 1944, lokacin da sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan dakarun Afirka da suka dawo daga Turai suna neman a biya su haƙƙoƙinsu. Hukumomin Faransa sun daɗe suna cewa mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da yawa suna ganin adadin ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma sai a 2024 shugaban Faransa Macron ya kira abin da sunansa na kisan kiyashi.

Fim ɗin da zan ba ki shawarar ki kalla tare da yaran, idan sun mallaki hankali, shi ne Indigènes na Rachid Bouchareb, wanda ya fito a 2006. Labarin wasu sojoji ne 'yan Aljeriya da Maroko da suka yi wa Faransa yaƙi a Italiya da kudancin Faransa har zuwa Alsace, kowannensu da sunansa da halinsa da abin da ya fito da shi daga gida, har da wanda ke da kwaɗayin ganima da wanda ke da burin samun igiya a kafaɗa. Tun daga dokar 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci, ta yadda tsohon soja a Afirka yake karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na takwaransa Bafaranshe da suka kwana a rami ɗaya. Shugaba Jacques Chirac ya kalli fim ɗin kafin a sake shi, kuma a watan Satumba na 2006, daidai lokacin da ya shiga gidajen sinima, gwamnatinsa ta sanar da cewa za ta daidaita kuɗin tsofaffin mayaƙan da na Faransawa. A lokacin an yi shekara 61 da ƙare yaƙin, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya.