Wutar murhun gas ta koma rawaya

Tambaya: Malam, muna da murhun gas a tsakar gida, inda muke gasa nama da hira da daddare. Tun bayan damina wutarsa ta koma rawaya, tana baƙanta ƙarfe. Me zan yi? Hajiya, daga Ajah, Legas.

Amsa: Hajiya, wutar gas mai lafiya shuɗiya ce. In ta yi rawaya, ramukan da take fitowa sun toshe, ko iska ba ta shiga bututun da ke kai gas zuwa kan murhun sosai. Ku da ke kusa da teku, iskar gishiri na saurin sa ƙarfe tsatsa. Gizo-gizo kuma yana son yin saƙa cikin bututun. A gidanmu na Agege shi na tarar bara.

Ki rufe tukunyar gas, ki bari murhun ya huce. Ki ciro kan murhun da wutar ke fitowa, ki goge da buroshi, ki tsokane ramukan da siririyar waya. Kada ki sa tsinken sakace, yakan karye a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne yoyo. Bayan kin mayar da komai, ki shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗar tukunya, sannan ki buɗe. In kumfa ya taso, rufe nan take, ki kira mai gyara. Don Allah kada a gwada da ashana. Gas ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, saboda haka tukunyar ta zauna a tsaye, a inuwa, nesa da kwata. In tiyon ya tsattsage, a canja shi.