Ko digiri na biyu zai shirya malami ya jagoranci koyarwa?

Malam, ka tambaya ko digiri na biyu a fannin gudanar da ilimi zai amfane ka idan aka ba ka shugabancin firamaren ƙauyenku a yankin Ringim, ko kuwa shekarunka a aji sun wadatar. Zai amfane ka, kuma Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana bayar da shi, amma sai kana da digiri na farko a fannin ilimi, ko wani digirin haɗe da difloma ta koyarwa da ake yi bayan digiri, wato PGDE, domin takardar NCE ita kaɗai ba ta isa ba.

Abin da na lura da shi a makarantunmu na karkara shi ne, amfanin karatun ya danganta da inda ka karkata shi. Shugabanni da yawa aikinsu ya tsaya ga rajista, jadawalin darussa da kai rahoto ofishin sakataren ilimi, alhali jagorancin koyarwa yana buƙatar shugaba ya shiga aji ya zauna a baya, ya duba shirin darasin malami, sannan su tattauna su biyu, ba a gaban yara ba. Saboda haka ka ba kwasa-kwasan duba koyarwa da tsara manhaja muhimmanci, ka kuma gina bincikenka a kan matsalar da ke gabanka, kamar 'yan aji uku da har yanzu ba su iya karanta Hausa ba, ko yadda aji ke raguwa da zarar damina ta faɗi an koma gona.