Me ya sa ba a shelar sabuwar ƙwaya sai an kai sigima biyar

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambayi dalilin da masu binciken ƙwayoyin zarra ke kame baki har sai sakamako ya kai sigima biyar (sigima ma'auni ne na yadda sakamako ya wuce abin da sa'a kaɗai za ta bayar), kuma wata ƙungiya dabam ta ga abin da suka gani. Kai a ganinka jan ƙafa ne. To, ɗauki kwak ɗin tof, mafi nauyi cikin kwak shida, wato ƙananan ƙwayoyin da irinsu ke haɗuwa su yi furoton na cikin zarra.

Babu na'urar da ke kama tof kai tsaye. Nauyinsa kusan GeV 173 ne (GeV ma'aunin kuzari ne da nauyin ƙwayoyi), kamar ƙwayar zarra guda ta tangistin, kuma yana tarwatsewa tun bai ɗauru da wani kwak ba. A injin LHC na cibiyar bincike ta CERN a Turai, idan furoton biyu suka yi karo a TeV 13.6 (TeV ɗaya GeV dubu ne), galibi gulon biyu ne daga cikinsu, wato ƙwayoyin da ke ɗaure kwak, ke haɗuwa su haifi tof da kishiyarsa. Kowanne sai ya rabe gida biyu, ƙwayar W da kwak ɗin botom.

Botom ɗin nan shi ne sawun da ake bi. Yakan shiga cikin ƙwayar B, ta rayu kimanin fikosakan 1.5 (fikosakan ɗaya bisa tiriliyan ne na daƙiƙa), ta yi tafiyar 'yan milimita kafin ta fashe. Faya-fayen silikon da ke kewaye da bututun da furoton ke bi suna auna hanyar kowace ƙwaya. A maido layukan baya, in sun haɗu ɗan nesa da inda aka yi karon, ga alamar botom.

Nan ake ruɗuwa. Kwak ɗin cam ma yana ɗan tafiya kafin ya fashe. W tare da feshin ƙwayoyi na yau da kullum kan yi kama da tof sak. Ga kuma karo gommai a lokaci guda, sawu kan sawu. A 1984 ƙungiyar UA1 ta CERN ta ga alamar tof a wajen GeV 40, da bayanai suka ƙaru sai alamar ta ɓace.

Sigima biyar na nufin in babu sabon abu, sau ɗaya cikin kusan miliyan 3.5 ne sa'a kaɗai za ta ba da ƙarin karo kamar wanda aka gani. Amma bai tsare ka daga na'urar da aka saita ba daidai ba, kuma ni na fi ba shaida na biyu nauyi. A Fermilab ta Amurka, inda ake gwara furoton da kishiyarsa a TeV 1.8, ƙungiyar CDF ta samu karo 12 masu kama da tof a 1994, ta ce alama ce kawai. Ranar 2 ga Maris 1995 ita da ƙungiyar D0 suka yi shela tare, ɗaya na da sigima 4.8, ɗaya 4.6. Babu wadda ta cika biyar, amma na'urori biyu ne dabam, masu lissafi dabam, shi ya sa aka yarda.

In sakamako ya zo hannunka, fara duba yadda suka ƙiyasta ƙwayoyin da ke kama da abin nema, kafin ka dubi sigima. Ka gaida mahaifiyarka.