Yadda Ake Ƙirga Niyutiron Bayan Harbin Leza

Ɗana, ka tambaye ni yadda ake sanin yawan makamashin da harbin leza ya bayar a gwajin haɗa ƙwayoyin zarra, inda ake harba hasken leza kan ɗan ƙwallon mai, alhali ƙonewar ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba, ƙwallon man kuma ya tarwatse. To, niyutiron ake ƙirgawa, wato ƙananan ɓarɓashin da ke fita daga cikin ƙwayar zarra.

Man nan diyuteriyam ne da tiritiyam, nau'o'in haidirojin masu nauyi. Duk sanda ƙwayar diyuteriyam ta haɗe da ta tiritiyam, makamashi MeV 17.6 ke fita (MeV ma'aunin makamashin ƙwayar zarra ne), niyutiron guda ya tsere da 14.1 daga ciki. Kowace haɗuwa da niyutiron ɗinta, don haka in ka san yawansu, lissafi ya ƙare. A Livermore ta Amurka, ranar 5 ga Disamba 2022, leza 192 suka zuba makamashi megajul 2.05, aka samu 3.15. Raba 3.15 ɗin da makamashin haɗuwa ɗaya ka gani, haɗuwa ta haura biliyan sau biliyan.

Ƙirgar kuwa da ƙarfe ake yin ta. Kafin harbi a ajiye ɗan faifan zakoniyam a nisan da aka auna. Niyutiron ya bugi zakoniyam-90, ya mayar da shi 89, wanda rabinsa ke rikiɗewa cikin sa'o'i 78 yana fitar da hasken gama, wanda ido ba ya gani, mai keV 909 (keV dubu ne MeV ɗaya). Sai a ɗora faifan kan na'urar jamaniyam mai ƙirga gama, irin yadda muke yi wa samfuran da muke cirowa daga NIRR-1, na'urar binciken nukiliya da ke nan Samaru. Abin da ya sa nake son zakoniyam, ba ya kula niyutiron da ƙarfinsa bai kai wajen MeV 12 ba, saboda haka waɗanda suka bugi bango suka dawo a gajiye ba sa ɓata lissafi. Jan ƙarfe ma yana yi, sai dai rabinsa na rikiɗewa cikin ƙasa da minti 10, da gudu ake kai shi.

Akwai kuma na'urar da ke auna lokacin isowar niyutiron, ita ke faɗin zafin man lokacin ƙonewar.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Faifan nan kamar kwano ne a tsakar gida lokacin ruwan sama, ɗan kaɗan yake tarewa, ragowar kai za ka lissafa. Kuskure kaɗan a nisa yana ninkuwa biyu a sakamako. Don haka auna nisan da hannunka, auna nauyin faifan, rubuta lokacin harbi da lokacin fara ƙirga. Kada ka ɗora komai kan na'ura sai ka fara gwada ta da ma'aunin da aka san ƙarfinsa.