Cheka ta ci tsatsa, mai mota kuma ba kuɗi

Ka tambaye ni a kan Fijon nan 504 a-kori-kura da aka kawo mana daga Mangu, wadda ƙarfen cheka na bayanta, wato fallen nan mai ƙuraje-ƙuraje da ke hana zamewa, ya ci tsatsa. Ka ce, "Oga, tunda mai ita ya ce ba shi da kuɗin sabon falle, me zai hana mu watsa mata baƙin fenti kawai, ta yi ƙyalli ya ɗauki abarsa?" To zauna, yarona, ka ji. Za a iya gyara ta da kuɗi kaɗan, amma in kuɗi ya yi kaɗan sai gumi ya yi yawa, kuma gumin nan naka ne. Fentin da kake magana a kai shi ne abu na ƙarshe, shi ne kuma mafi sauƙi a duk aikin.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki maganaɗisu ka manna. In ya kama, ƙarfe ne, maganarmu ta tafi daidai. In bai kama ba, alminiyom ne, wannan kuma wani karatun ne daban. Daga nan ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi fallen kana ƙwanƙwasawa, musamman kusurwoyi da gindin bangon da ke bayan direba, inda ruwa yake kwanciya. Ƙarfe mai rai ƙara yake yi tangaran. Wanda ya mutu sai ka ji "ɓuf", wani lokacin ma bakin gudumar ya shige. Duk inda ka ji haka, zagaye shi da alli.

Sai ka shimfiɗa kwali ka kwanta a ƙarƙashin motar da tocila. Nan ne yawancin yara ba sa son zuwa, nan ne kuma gaskiyar take. Motocin nan da masana'antar Fijo ta PAN ta riƙa haɗawa a Kaduna, tun bayan da ta buɗe a 1975, ba da cheka suka fito ba. Da falle mai gwarabe-gwarabe suka zo, bai kai kaurin wannan ba. Da ya ruɓe, sai wani mai walda ya yanko cheka mai kaurin milimita 3 ya ɗora a kansa, ya ɗiga walda nan da can, ya karɓi kuɗinsa. Tsakanin tsohon fallen da sabon sai aka sami ɗaki. Ruwan sama ya shiga, ruwan tumatir ya shiga, garin taki ya shiga, kuma ba hanyar fita. Saboda haka tsatsar da kake gani a sama 'yar aike ce kawai, uwar tana ƙasa tana cin ƙarfen daga ciki. In ka fente sama ka bar wannan, an yi ba a yi ba ke nan. In ruɓaɓɓen fallen yana nan, a yanke shi a fitar gwargwadon yadda hannu zai kai, a bar chekar ta zauna a kan ƙarafan da suka gitta.

Ka kuma tambayi kanka me motar take ɗauka. Wannan dankali da kabeji take kawowa kasuwar Farin Gada a nan Jos, in za ta koma ta ɗauki takin zamani. Yuriya da NPK suna jan laima daga iska, su narke su zama ruwan gishiri, kuma ba abin da yake cin ƙarfe kamarsu. Motar da take ɗaukar katako daga kasuwar Katako za ta yi shekaru chekarta ba ta yi rabin lalacewar wannan ba.

Wuraren da ka zagaye da alli, yankewa za a yi a sa faci. Kada ka yarda ka cika rami da bodi-fila, ƙullun nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi, a nan. Fila ta jikin ƙofa ce da fenda, inda ba a jefa buhu mai kilo 50. A ƙasan bodi sati biyu ba za ta yi ba za ta tsage, ruwa ya bi tsagar. Guntayen cheka kuwa ba sa wuya, masu tsofaffin ƙarafa suna sayar da su a kan kilo, ba sai an sayi falle guda ba. In ka yanka facin, ka daidaita ƙurajensa da na tsohon don kada ido ya kama shi daga nesa. Kafin ka kunna walda ko giranda ka cire kan batir, ka duba inda tankin mai da bututunsa suke, ka rufe su da jiƙaƙƙen buhu. Wannan ba sai na maimaita maka ba.

In an zo cire tsatsar, wanki shi ne farko. Ruwan zafi, omo mai yawa, da burushi mai tauri. Inda baƙin mai ko giris ya zuba ka fara sa kananzir ya narkar da shi, sannan omo ya ɗauke kananzir ɗin. In ka sa burushin waya a kan maiƙo, shafa shi kawai za ka yi a ko'ina, ka tura shi cikin ramukan tsatsa, fenti kuma ba ya zama a kan mai.

Yanzu ga inda cheka ta bambanta da sauran ƙarfe. Dubi ƙurajen nan da kyau. Wannan ya kwanta haka, na kusa da shi ya kwanta a gicciye. Tsatsa ba ta zama a kan ƙurjin, domin takalmi da buhu suna goge shi kullum. A gindinsa take zama, a lungun da ƙurji ya haɗu da shimfiɗar ƙarfen. Samfefa ba ta kai wa can. In ka sa dutsen giranda ko faifan samfefa, kan ƙurajen za ka cinye, su yi fari tas ka ɗauka aiki ya yi kyau, alhali ka aske abin da yake hana mutum zamewa, tsatsar kuma tana nan a kwarinta ba ka taɓa ta ba. Abin da ake sawa shi ne burushin waya mai kamar kofi, wanda aka murɗa wayoyinsa, a ɗaura shi a kan ƙaramar giranda. Ka bi fallen gaba ɗaya a karkace ta bin layin ƙuraje na farko, sannan ka juya ka sake bi ta ɗaya karkatar. In ka bi sau ɗaya kawai, kowane ƙurji yana da gefen da ya ɓoye maka. Kada ka danna. Bakin wayar ne yake aiki, in ka danna sai ta kwanta ta riƙa goge tsatsar tana sa ta sheƙi, ka ga wuri ya yi baƙi-baƙi yana ƙyalli kamar ƙarfe, nan kuwa tsatsa ce aka yi wa kwalliya. Inda ta yi ɓawo mai kauri, fara ɓamɓare shi da guduma da kurfi.

Girandar nan tana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, kuma wayoyin suna tsinkewa su tashi. Na ga wadda ta huda wando ta tsaya a cinyar mutum. Ka duba lambar gudun da aka buga a jikin burushin, kada ta gaza ta girandar. Tabarau dole ne, ba na gayu ba. Ka kuma rufe hanci da takunkumi na gaske, domin fentin da ake yi a da yakan zo da dalma a ciki, ƙurarsa kuma guba ce. Ranar da babu wuta, babu man janareta, burushin hannu yana yi, sai dai ka wuni.

Za ka ji ana cewa feshin yashi ya fi komai. Gaskiya ne, ya fi, yana shiga kowane lungu ya bar ƙarfe fari. Amma yana son babbar kwamfaresa, kuɗinsa kuma zai iya kusantar na sabon falle, ga shi ƙurar yashi tana lalata huhu har abada. Ba na wannan motar ba ne.

Bayan burushi za ka ga sauran jan tsatsa a cikin ƙananan ramuka, inda waya ba ta shiga. Nan ne zan ce a kashe kuɗi kaɗan a sayi maganin tsatsa a wurin masu fentin mota. Yawancinsa asid ne mai suna fosforik. Kana shafawa da burushi, bayan ɗan lokaci sai ka ga jan ya koma baƙi ko toka-toka, ya zama wani ɓawo siriri da yake manne da ƙarfen, fenti kuma yana kama shi. Amma siririyar tsatsa kawai yake iya juyawa. In ka zuba shi a kan ɓawo mai kauri, sama zai baƙanta, ƙasa tana nan ja. Karanta abin da aka rubuta a jikin robar, domin wani ana wanke shi, wani ba a wankewa. Masu cewa a zuba Coca-Cola ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, akwai irin asid ɗin a ciki, amma ɗan mitsitsi ne, sukarin ya fi yawa, ƙuda kawai za ka tara mana. Ruwan batir kuwa kada in gan shi kusa da motar nan. Yana cin tsatsa, yana cin ƙarfe, yana shiga ƙarƙashin walda ya ci gaba da ci bayan mota ta bar gareji.

Ƙananan guntaye irin na matakala, waɗanda ake kwancewa da noti, ka jiƙa su a binega su kwana ɗaya ko biyu, ka goge, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka shanya a rana nan take.

Ranar da ka gama gogewa, ranar za ka sa fentin farko. Jos ba Kano ba ce. Muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, raɓa tana sauka da dare, ƙarfen da ka bari fari da magariba da safe za ka same shi ya yi ja-ja. Kuma kada ka fara fenti da sanyin safiya. Taɓa ƙarfen da bayan hannunka, in ka ji sanyi to akwai laima a kansa ko ido bai gani ba. Bari rana ta buge shi zuwa wajen ƙarfe 10 ko 11. A watan Yuli da Agusta sai a ƙarƙashin rumfa. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da motar.

Fentin farko mafi araha shi ne jan nan, red oksayid. In mai motar zai iya ƙarawa, firamar efoksi mai haɗi biyu ta fi shi nesa ba kusa ba, musamman ga motar taki, ni ita zan zaɓa. Ko wanne ne, shafin farko da burushi za ka yi shi, ba da bindigar feshi ba. Feshi daga gefe ɗaya yake zuwa, yana barin inuwa a bayan kowane ƙurji. Burushi kuwa kana caccaka shi cikin lungu, ka ja ta wannan karkata, ka ja ta waccan. Ka yi shi siriri. Fenti yana gudu daga kan ƙurji ya taru a kwari, in ya yi kauri a can sai sama ta bushe ciki yana nan ɗanye, ka danna da farce bayan sati ka ji laushi. Shafi biyu sirara, kowanne ya kwana. Lita ɗaya takan rufe wajen murabba'in mita 10 a ƙarfe mai santsi, bayan motar nan kuwa bai wuce 3 ba, don haka ko da cheka ta fi shan fenti, lita ɗaya ta ishe ka shafi biyun. Kada ka bari a sayo galan.

A sama ka sa fentin mai, baƙi ko ruwan toka, shi ma shafi biyu. Ka lura da abin da kake sirka shi da shi. In ka ɗora fentin mota mai tina mai zafi a kan red oksayid na mai, a gabanka zai yamutse kamar fatar tsohuwa, sai an kankare an sake. Na mai a kan na mai, shi ke nan. A matakala da bakin ƙofar baya, inda ake takawa da jiƙaƙƙen takalmi, ka tankaɗe busasshen yashi mai laushi ka barbaɗa a kan shafin farko tun yana ɗanye, washegari ka share wanda bai kama ba, ka rufe da shafi na biyu.

Ƙasan fallen ba ya son kyau, kariya yake so. Ka goge shi, ka sa jan fentin, ka bi shi da fentin kwalta mai kauri, amma ka nisanci salansa. Baƙin mai da wasu suke fesawa yana ɗan taimakawa a lungun da burushi ba ya shiga, sai dai yana kama ƙura, yana lalata robobi, damina ɗaya kuma ta wanke shi. Sannan ka huda ramuka biyu na milimita 10 a kusurwoyin gaba don ruwa ya sami hanya, ka shafa wa bakinsu fenti.

Saura magana da mai motar, ita ma cikin aikin take. Zai zo washegari ya ce yana da lodi. Fentin mai yana bushewa a hannu cikin kwana ɗaya, amma bai yi ƙwari ba sai ya yi kamar mako guda. In ba zai iya jira ba, ya shimfiɗa kwali ko tsohon filawud na kwanakin farko. Ka gaya masa tun yanzu cewa kan ƙurajen zai goge ya yi fari cikin 'yan watanni, ba laifin fenti ba ne, haka cheka take, kuma wurin da ake gogewa kullum ba ya ruɓewa. Abin da zai sa wa ido shi ne kwarin. Kada ya shimfiɗa tabarmar roba ya manta da ita, ruwa take ɓoyewa. Duk ranar da ya sauke taki ya watsa bokiti biyu na ruwa ya share, in zai ajiye motar kuma ya sa gabanta a ɗan tudu don ruwan ya gangara ta baya. Ragowar fentin ka zuba masa a ƙaramin gwangwani ya tafi da shi, ya riƙa taɓa duk inda ya kwarzane kafin damina.

Gobe da safe ka fara da guduma da alli, ka kira ni in gani kafin ka yanka komai.