Amsa: Shin duk siziyam ne ke fitar da tururin nukiliya?

Malam, ka tambaya ko duk sinadarin siziyam ne ke da tururin nukiliya. A'a, iri-iri ne, kowanne da halinsa.

Wanda ake samu a ƙasa, siziyam-133, ba ya fitar da komai. Ƙarfe ne mai laushi, launinsa ya ɗan yi ruwan zinare, lambarsa 55 a jadawalin sinadarai. Masana kimiyya Bunsen da Kirchhoff suka gano shi a Jamus a 1860. Yana narkewa a kusan digiri 28 da rabi, ka ga a zafin Afrilu na Sakkwato ko a inuwa ka ajiye shi zai zama ruwa. Haɗarinsa shi ne ruwa: da ya taɓa shi sai ya fashe nan take, shi ya sa ake rufe shi ruf a kwalbar gilashi. Da shi ma ake auna daƙiƙa tun 1967, kaɗawa 9,192,631,770 daidai na hasken da ƙwayar zarrarsa ke fitarwa su ne daƙiƙa ɗaya.

Na tsoron shi ne siziyam-137, wanda ke fitowa idan yuraniyam ya tsage a tashar nukiliya. Sai an yi shekara 30 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, kuma jiki na ɗaukarsa kamar fotashiyam, sinadarin da muke samu a abinci, ya bazu cikin tsoka. A Goiânia ta Brazil a 1987, 'yan jari-bola suka ɗauko tsohon injin asibiti mai ɗauke da siziyam-137 suka fasa, suka tarar da gari mai walƙiyar shuɗi cikin duhu. Aka yi ta rabawa 'yan'uwa, yara na shafawa. Mutum huɗu suka rasu, har da yarinya 'yar shekara shida.